Rasuwar Gwaggo Tahuna Mai Niƙa da Iska

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da kuma sallamawa ga abin da ba makawa, iyalan Malam Harun ɗan Abakar Maƙeri, mutanen Hillat Kurna ta ƙasar Sudan, mazauna saman benen Umm Alaa a unguwar Arba wa Nus, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk masu cin tuwo na birnin Alƙahira rasuwar uwarsu kuma abokiyar gudun hijirarsu, Gwaggo Tahuna, injin niƙa mai aiki da iska. Ta rasu ranar Litinin ana tsakiyar sallar magariba, bayan doguwar jinya da gajeren magani. Ta tafi da tsufanta. Duk wanda ya ce ya san ainihin shekarunta cika baki yake yi, domin marigayiya ba ta taɓa mallakar takarda ba, ko ta haihuwa ko ta izinin zama.

Wadda ta sa a yi wannan sanarwa ita ce Wijdan, 'yar Malam Harun, mai sana'ar ƙunshi, wadda ta yi jinyar marigayiya har ƙarshe. Ta ce a rubuta komai, har abin da unguwa ta sani take yi kamar ba ta sani ba. To ga shi. Wijdan tana da wa, sunansa Mu'tasim, wanda ya tsaya a gida lokacin da suka gudo. An kashe shi bara. Mahaifinsu bai sani ba har yau, kuma abin da ya tsaya tsakaninsa da sani shi ne ƙarar marigayiya. Za mu zo kan wannan, amma mamaci yana da haƙƙin a fara da asalinsa.

An haifi Gwaggo a maƙerar Abakar, kakan Wijdan. Iyayen Abakar suna cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin Kogin Nilu don su ɗan huta, hutun da jikokinsu ba su gama ba har yanzu. Wata rana Abakar ya kai gyaran garma wata babbar gonar auduga, ya tarar da wani dogon ƙarfe mai fuka-fuki yana jawo ruwa daga rijiya, ba jaki ba guga. Ya tsaya ya saki baki. Da ya dawo gida ya iske matarsa durƙushe a kan dutsen niƙa, gwiwoyinta sun yi kanta, sai ya raya a ransa cewa iskar da ta iya ɗiban ruwa ba ta da hujjar ƙin niƙa. Mutanen gari suka ce maƙeri ya taɓu. Matarsa kuwa ta ɓoye babban daronta, don ta san halin mijinta idan yana neman ƙarfe. Ɓoyon bai yi amfani ba.

Ga siffar marigayiya ga wanda bai riske ta a ƙuruciyarta ba. Ta tsaya a kan kututturen giginya ɗaya, doguwa, ana hango ta daga gonakin bayan gari. A samanta fuka-fuki na gora ne, an ɗinka musu tamfol. A bayanta wutsiya ce ta duron da aka tsaga aka miƙar, kuma wutsiyar nan ita ce hankalinta: duk inda iska ta ɓullo sai ta juyo da fuskar Gwaggo can, ba sai an gaya mata ba. Haƙoranta na ƙarfe Abakar ya ciro su daga cikin wata babbar mota da ta mutu a taɓo mai ita ya haƙura. Su ke karɓar juyin fuka-fuki su miƙa shi ga wata doguwar sandar ƙarfe da ta sauko ƙasa. A ƙasan nan duwatsu biyu ne, kowanne faɗin tayar ƙaramar mota, na ƙasa a zaune, na sama yana zagaye. A kansu daron matar Abakar ne, an huda masa gindi, nan ake zuba hatsi. Akwai ɗan sanda da ke bugun daron don hatsi ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, akwai kuma itacen da ake takawa a ɗaga dutsen sama idan tsaki ake so, a sauke shi idan gari mai laushi ake nema. Idan duwatsun suka yi sulɓi sai a ɗaga su a koɗa. Iyakar asibitin da ta sani ke nan.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce, kalmominta uku ne. Tamfol ya ce fat, fat, fat. Duwatsu su ce gurrr. Ɗan sandan nan ya ce ƙwas, ƙwas. Da waɗannan ta raini gari guda.

Ta rayu da wadatar zuci. Ba ta taɓa shan fetur ba, ba ta san layin gas ba, ba ta taɓa ƙona wa kowa gari ba. Tana niƙa a tsanake, garinta ya fito da sanyinsa, tuwonsa ya kwana bai yi ruwa ba. Matan gari sun fi kowa ƙaunarta, saboda jiran layinta ya isa a gama da sirrin gida uku kafin a kai ga ƙwarya ɗaya. Ba a faɗin aibin mamaci, amma gaskiya tana da ranakun fushi. Idan iska ta kwanta sai ta kafe, ko da kuwa bikin ɗan mai gari ake yi, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Sai dai babban aikinta a Hillat Kurna ba niƙa ba ne. Ana kwance igiyarta bayan sallar asuba, a ɗaure ta da magariba, kullum, har ranar salla. Abu ɗaya ne ke sa a gan ta a ɗaure da rana, shi ne mutuwa. Idan rai ya yi halinsa a garin, kafin mata su sa kuka wani daga gidan maƙera zai je ya ja igiya. Manomi yana can nesa sai ya ɗago kai ya ga fuka-fuki a tsaye alhali ganyen bishiya na motsi, ya ajiye fartanya ya nufo gida. Ba a sake ta sai an kai mamaci makwancinsa, an dawo an yi gaisuwa. Barin Gwaggo ta juya a kan mutuwar da ba a yi wa gaisuwa ba abin kunya ne da ba a taɓa jin wani ya aikata ba.

Bayan Abakar, ɗansa Harun ya gaje ta, ya tsufa a gindinta har idonsa ya yi rauni, zuciyarsa ta fara ba shi matsala. Da yaƙi ya matso, Mu'tasim ya samo wa mahaifinsa da ƙanwarsa wuri a motar da za ta yi arewa, ya ce shi zai tsaya ya girbe dawa ya biyo su. Tsoho ya zauna a ƙasa ya ce ba ya hawa mota ya bar uwarsa a tsaye. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, direba ya yi ta danna ham. A ƙarshe Mu'tasim ya hau giginyar ya kwance haƙoran da wutsiyar, ya mirgino duwatsun, ya naɗe igiyar ya cusa a cikin daro. Kututture da fuka-fuki aka bar wa garin. Wijdan ta sauke keken ɗinkinta don duwatsu su sami wurin zama, kuma har yau idan aka ambaci keken nan sai ta kau da kai. A kan iyaka wani jami'i ya dubi duwatsun, ya dubi tsohon, ya ce a iya saninsa dutse shi ne abu ɗaya da ƙasar Masar ba ta taɓa neman gudummawar kowa a kai ba.

A Arba wa Nus suka sami ɗakuna biyu a can ƙololuwar benen Umm Alaa, tsakanin igiyoyin shanya da kejin agwagi. Wurin ba shi da wani abin yabo sai iska, wadda ke tahowa daga arewa ba abin da ya tare ta. Malam Harun ya tsaya ya ji ta a fuskarsa, ya ce nan ya yi. Hatim, wani ɗan ƙasarsu mai gyaran injin wanki a ƙasan benen, shi ya kafa bututun ƙarfe a madadin giginya, ya ɗaura sababbin fuka-fuki, tsohon yana zaune yana gyara masa da baki. Umm Alaa ta hau da faɗa, ta ce gida ta ba da haya ba filin jirgi ba. Da ta ga dusar farko ta zubo, ta ga yadda agwaginta suka yi kanta, sai ta ce ai dama ita tun farko ta ga alheri a fuskar mutanen nan.

Labari ya bazu. Matan Sudan suka riƙa hawowa da dawa. Ɗaliban Nijeriya da Nijar suka riƙa cika ƙananan motocin haya daga Madinat Nasr, kowa da ledar masararsa a cinya. Ɗaya daga cikinsu, Malam Sagiru, wanda ke karatun fiƙihu, ranar da ya fara cin tuwon garin Gwaggo sai da ya dawo takanas don godiya.

"Wallahi Yaya Wijdan, wannan ni'ima ce daga ni'imomin da ba sa ƙirguwa," in ji shi. "Tun da na zo Masar, aish da safe, aish da rana, aish da dare, burodi har ya fara fito mini a mafarki. Jazakumullahu khairan, ke da Gwaggo."

Waɗannan su ne kwanakin farin cikin marigayiya a ƙasar baƙunta. Ba su yi yawa ba.

Wata ranar da hantsi Wijdan tana ƙara masara a daro, wayarta ta yi ƙara. Wani maƙwabcinsu ne na gida, muryarsa na yankewa, amma abin da ya iso ya isa. An tare Mu'tasim a hanyar gona. An riga an binne shi. Wijdan ba ta san lokacin da ƙafarta ta kai ta wurin igiya ba, sai ganin ta ta yi a hannunta. Ita kaɗai ce 'yar gidan maƙera da ta rage a tsaye, aikin nata ne. Ta waiwaya ta ga mahaifinta a kan tabarma yana jan carbi, kansa na ɗan rausaya da ƙwas, ƙwas ɗin Gwaggo. Ta tuna likitan da ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauki mummunan labari ba.

"Wa ke waya?" in ji tsohon.

"Ɓatan lamba ne, Baba."

Ta saki igiyar, ta ɗauki kwano ta ƙara masara.

Daga ranar ta bi gida-gida tana roƙon kada wanda ya yi mata gaisuwa, kada wanda ya hau benen da fuskar makoki. Mutane suka bi, har da mu masu wannan rubutu. Ba a shimfiɗa tabarma ba, ba a dafa komai an raba ba. Matar da ta rasa wanta ta ci gaba da zana fure a hannun amare tana yi musu barkwanci. Idan kuka ya ci ƙarfinta sai ta je gindin Gwaggo ta sauke dutsen sama sosai don gurrr ɗin ya rufe muryarta. Shekara guda marigayiya tana wannan aikin rufin asiri, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Tsohon yakan tambayi ɗansa. Wijdan ta ce layi ba ya shiga, ta ce an sare turakun waya, ta ce wani ya gan shi a kasuwa lafiya lau. Shi kuwa sai ya riƙa kwantar mata da hankali, abin da ya fi komai ci mata rai.

"Kada ki damu, 'yar nan," yakan ce. "Da wani abu ya faru ai da kin ɗaure Gwaggo. Jinin Abakar ba ya barin ta ta juya a kan gawa."

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne daga maƙwabta. A Arba wa Nus gida ba ya gama girma. Kowane bene yana da ƙarafa tsaye a kansa suna jiran ɗan mai gida ya yi aure a ɗora masa hawa. Mai benen da ke arewa da su kuwa Allah ya albarkace shi da 'ya'ya maza, kuma duk suka tashi aure kusan lokaci guda. Ba mu ga laifinsa ba, muna ma taya shi murna. Jan bulo ya yi ta hawa har ya wuce kan Gwaggo, ya tsaya tsakaninta da iskar da take numfashi da ita. Wutsiyarta ta yi ta waige-waige, gabas, yamma, ba ta sami komai ba. Fat, fat ɗinta ya koma fat ɗaya, sai dogon shiru, sai wani fat.

Malam Harun ya san iska takan kwanta kwana ɗaya ko biyu. Amma kunnensa garau yake, yana jin kayan shanya na kaɗawa a benayen da ke nesa. Ya fara juyo da kai wajen Gwaggo yana kasa kunne yadda Wijdan ba ta so. Don haka ta jawo wani tsohon duro ta hau, ta riƙa kama fuka-fuki tana turawa da hannu, wannan ya wuce ta kama na bayansa. Safe da yamma, tsakanin amarya da amarya. Kafaɗunta suka riƙe. Hannun da aka san shi da zanen da ba ya karkacewa ya fara rawa, har wata uwar amarya ta tambaye ta ko furen nan iska ce ta kaɗa shi.

Hatim ne ya hau wata rana ya same ta a kan duro tana haki.

"Khalas, Yaya Wijdan, ya isa haka," ya ce da ita ƙasa-ƙasa don kada tsohon ya ji. "Kashe kanki za ki yi. Ina da moton wani injin wanki, mai shi ya yafe. In ɗaura masa bel, in jawo waya daga ɗakinki, ki danna abu kawai ta tashi."

"Za ta yi irin ƙararta?"

"Tamam. Har ta fi."

A nan ne Hatim, likitan marigayiya, ya yi gaskiya fiye da yadda ake so. Gwaggo ta tashi, ta kuma fi. Tsohuwar da ta yi rayuwarta tana tafiyar ƙasaita sai ga ta tana gudu kamar an biyo ta. A da iska ke juya ta, yanzu ita ke yi wa iska fifita, ta zama fanka mafi girma a Arba wa Nus, agwagin Umm Alaa suna kwanciya a gabanta suna lumshe ido. Gari ya fara fitowa da zafi, da ɗan ƙauri. Kalmominta uku suka cakuɗe suka zama ɗaya. Mafi muni, ta koyi halin 'yan birni: idan aka ɗauke wuta sai ta tsaya cak, idan aka kawo ta zabura.

"Iskar ƙasar nan ba ta numfashi ne?" tsohon ya tambaya wata rana.

"Haka take, Baba. Iskar birni ce."

"Ikon Allah. Na kuma lura tare suke ɗaukewa da fankar ɗaki."

Wijdan ta yi dariya don ta ga kamar dariya ake so. Ta jira ya ƙara wani abu. Sai ya ci gaba da jan carbinsa.

Ranar Litinin aka ɗauke wuta da yamma liƙis. Gwaggo ta tsaya. Wijdan ta dubi rana ta ga ta kusa faɗuwa, ta ce lokacin ɗauri ya yi ke nan. Ta yi abin da kakanta ya yi, mahaifinta ya yi, wanta ya yi: ta kama fiffike ɗaya ta zarga masa igiya, ta ɗaure tamau a jikin bututu, ta tafi alwala. A gidansu haka ake tsayar da inji. Ba wanda ya taɓa koya wa hannunta cewa akwai wani ɗan maɓalli a bango da shi ma yake jiran a kashe shi.

Ana raka'a ta biyu aka kawo wuta. Moto ya ja, igiya ta riƙe. Igiyar gida ce, ba ta san sakewa ba, shi kuma moton bai san haƙuri ba. Gwaggo tana tsakaninsu. Waɗanda ke kusa sun ce ta yi wani nishi da ba su taɓa ji daga gare ta ba, sannan haƙoran da suka fi motarsu tsawon rai suka zube ɗaya bayan ɗaya, sandar ƙarfe ta fizge, dutsen sama ya ɗaga ya faɗo a kan ɗan'uwansa ya rabe biyu. Kalmarta ta ƙarshe ƙwas ce, guda ɗaya. Da Hatim ya hau da fitila ya duba, sai ya cire hularsa. Ya ce haƙora irin waɗannan an daina yin su tun kafin a haife shi, dutse kuma ba ya ɗinkuwa. Umm Alaa ta rungume Wijdan tana cewa ma'alish ya binti, ma'alish, ita ma ba ta tabbatar wanne rashin take ba ta haƙuri a kai ba.

Washegari bayan asuba Wijdan ta je kwance igiya, kamar kullum. Ba don Gwaggo za ta juya ba, sai don kada rana ta fito ta same ta a ɗaure. Ta sa hannu a ƙullin. Ƙulli ne mai sauƙi, yaro ma zai warware shi. Hannun ya ƙi. Ta tsaya a nan har gari ya waye sarai, tana kallon abin da ya kamata ta yi tun bara, ga shi ya yi kansa. Ta ji wata irin gajiya ta sauko mata, da wani sauƙi da ta ji kunyar jin sa. Ta bar igiyar yadda take ta koma ɗaki.

Da hantsi Malam Harun ya fito da farar jallabiyarsa da rawani, yana lalube har ya kai gindin bututun. Ya shafa ya ji ƙulli.

"Wa ya rasu?"

"Gwaggo ce ta karye, Baba."

"Na ji karyewarta, kunnena bai mutu ba. Ta sha karyewa ana gyarawa. Igiya nake tambaya."

Wijdan ta buɗe baki. Ƙaryar da ta saba zuwa da kanta ba ta zo ba, gaskiyar ma ta ƙi zuwa. Tsohon ya jira, sannan ya gyaɗa kai.

"To. Tunda a ɗaure take, mutane za su zo. Shimfiɗa tabarma."

Bai sake tambayarta ba, kuma ba zai sake ba. A garinsu uba ba ya jin irin wannan labari daga bakin 'yarsa. Dattawa ne ke zuwa, su zauna, su gaisa, su tambayi jiki, su yi ta kewaye-kewaye, sannan wanda ya fi su shekaru ya faɗa, saura su riƙe mutum. A Hillat Kurna da tuni gida ya cika kafin azahar. Amma nan Alƙahira ce. Ba mai ɗaga kai, wanda ya ɗaga ma jan bulo zai gani. Gwaggo ta yi sanarwarta ta ƙarshe yadda aka koya mata, ba wanda ya gani, shi ya sa muke maimaita ta a rubuce.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗanta Malam Harun, da jikarta Wijdan, da daro guda mai hujin gindi wanda ba zai ƙara riƙe ruwa ba. Ta bar kututturen giginya a Hillat Kurna, in yana nan. Ta bar agwagi masu yawa waɗanda tun jiya suke zagaye wurin suna neman bayani, da ɗalibai da za su koma ga burodi, Allah ya ba su juriya. Ta bar Hatim, wanda ya rantse ba zai ƙara taimakon kowa ba, ko da yake mun san shi. Moton injin wankin yana nan da ransa, ko ƙwarzane bai yi ba, kuma iyali sun ce ba sa son ganinsa a wurin zaman.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Malam Sagiru, ya ce bi ijma'il ulama, wato da yarjewar duk malamai, babu wanka babu salla a kan dutse, mun ji mun kuma bi. Za a jingine duwatsun a kusurwar gabas ta saman benen, a rufe su da tamfol ɗinta. Umm Alaa ta nemi a ba ta dutsen ƙasa ta riƙa ɗora kwanon agwagi, an ba ta haƙuri. Masu sayen tsohon ƙarfe da ke bin layi suna kiran bikya, bikya, ana sanar da su cewa ba a gayyace su ba. Igiya za ta zauna a ɗaure har sai an yi gaisuwa.

Gaisuwar kuwa gobe ce bayan la'asar, a saman benen Umm Alaa. Ana roƙon dattawan mutanen Sudan na Arba wa Nus, musamman waɗanda suka san Hillat Kurna, su haɗu a shagon Hatim su hau tare, su shirya tun a ƙasa wanda zai yi magana. Sunan da za a faɗa shi ne Mu'tasim ɗan Harun, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wijdan ta tanadi maganin zuciyar mahaifinta a gefen zaninta, ta kuma janye roƙon da ta yi muku bara. Mata su zo su same ta a ɗaki. Duk wadda ta haɗiye gaisuwarta shekara guda, ta kawo ta, za a karɓa.

Malam Harun yana kan tabarma tun jiya da rawaninsa, ya juya fuskarsa wajen ƙofar bene. Duk takun da ya ji sai ya gyara zama, sai ta kasance Umm Alaa ce da abincin agwagi. Benen yana da tsawo, kuma mun san halin gwiwoyinku. Ku huta a kowane hawa in ta kama, amma don Allah ku iso.